Sadarwar da aka binne a kwalta: shirin fakin na wani birni a Kalifoniya, 2008 zuwa 2022

## Birnin da matsalarsa kafin 2008

Birnin yana bakin tekun Pasifik, a jihar Kalifoniya ta Amurka. A ƙidayar 2010 mutanensa sun ɗan haura 800,000, a fili mai faɗin murabba'in kilomita 121 da ruwa ya kewaye ta gefe uku. Hukuma ɗaya ce ke riƙe da motocin bas, da jiragen ƙasa na cikin gari, da fitilun ba da hannu, da fakin na gefen titi. Jiragen, da wani kaso mai yawa na bas ɗin, da lantarki suke tafiya, suna jan wuta daga wayoyin da aka shimfiɗa a saman titi.

Guraben fakin na gefen titi masu mitar biyan kuɗi sun kai kimanin 28,800. Mitocin na tsohon yayi ne: direba ya zuba tsabar kuɗi, agogo ya fara ƙirga, shi ke nan. Ba sa aika wa kowa labari. Farashin awa ɗaya bisa shiyya aka yanke shi, dala 3.50 a tsakiyar gari, dala 3 a kewayenta, dala 2 a titunan kasuwanci na unguwanni. Haka yake safe da yamma, ko titi ya cika maƙil ko ba kowa. In ana son canza shi, sai ma'aikaci ya bi mitocin ɗaya bayan ɗaya.

Layin da ke gaban shaguna kullum a cike, na bayansa kuwa da sauran gurabe. Direbobi na ta zagaye suna nema, wanda ya gaji ya tsaya a kan hanya gefen motar da ta riga ta yi fakin, bas ta zo ta tarar an tare ta. Bas mai jan wuta daga sama ba ta iya kaucewa da nisa, domin sandunanta biyu suna manne da waya.

Maganin da hukumar ta ɗauka ya samo asali daga aikin Donald Shoup, a lokacin farfesan tsara birane a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles: a riƙa ɗaga farashi ko sauke shi layi-layi, har kowane layi ya kasance da gurbi ɗaya ko biyu a buɗe a mafi yawan lokaci. Layi a nan shi ne yankin titi daga wannan mahaɗa zuwa ta gaba. Tsarin yana buƙatar abin da hukumar ba ta da shi, wato sanin gurabe nawa ke da mota a kowane layi a kowace awa. Hanyar da ake da ita a lokacin ita ce a tura ma'aikata da takarda da biro su ƙirga, aikin da ba ya yiwuwa kullum.

## Nuwamba 2008 zuwa 2010: tsari da kayan aiki

A watan Nuwamba 2008 majalisar gudanarwar hukumar ta amince da shirin gwaji. Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta ba da dala miliyan 19.8, kashi 80 cikin 100 na kuɗin da aka tsara. Cikin ayyukan farko akwai ƙidaya: an ƙirga duk wuraren fakin da jama'a ke iya amfani da su a birnin, aka samu sama da 440,000, kuma kowane gurbi mai mita ya samu lamba da wuri a taswira. In babu wannan jerin, saƙon na'ura ba shi da inda za a liƙa shi.

Gwajin ya ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na mitocin birnin, a unguwanni bakwai, tare da gurabe 12,250 a gidajen ajiye motoci na hukumar. An yi amfani da wasu unguwanni biyu don kwatance: an saka musu na'urori, amma ba a taɓa farashinsu ba.

Hanyoyin sadarwa biyu aka shimfiɗa, kowace da aikinta.

Ta farko ta na'urorin gano mota ce, a gurabe kimanin 8,200. Ana huda kwalta a cikin gurbin, a saka na'urar, a rufe ta daidai da fuskar titi. Abu huɗu ke cikinta: ma'aunin maganaɗisu, ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki, rediyo da eriyarsa, sai batir. Ba ta ganin mota, ba ta jin nauyinta. Abin da take aunawa shi ne maganaɗisun duniya, wanda ƙarfinsa a wannan yankin ya kusa maikrotesla 50 (maikrotesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne). Idan ƙarfen mota ya tsaya a samanta sai ya karkatar da wannan maganaɗisun, awo ya sauya, na'ura ta ce mota ta zo. Idan awo ya koma yadda yake, ta ce ta tafi.

Saƙon yana bin zango huɗu kafin ya isa. Daga na'ura zuwa akwatin miƙa saƙo da ke ɗaure a jikin falwaya ko turken fitila. Daga nan zuwa matattara, ita ma a kan turke, wadda ke karɓar saƙon layuka da yawa. Daga matattara zuwa kwamfutocin kamfanin da ya girka kayan. Daga can zuwa rumbun bayanan hukumar.

Zangon farko ne mai wuya, kuma shi ke tilasta yawan akwatunan tsakiya. Babu wurin da ya fi fuskar ƙasa muni ga eriya. A sarari, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin sigina yana raguwa da desibel 6, wato ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A daf da ƙasa, inda siginar da ta tafi kai tsaye ke haɗuwa da wadda ta daki ƙasa ta taso suna soke juna, raguwar takan kai desibel 12, wato kashi ɗaya cikin goma sha shida ke saura. Sannan lokacin da na'urar ke da labarin da ya fi muhimmanci, wato mota ta zo, a lokacin ne ƙarfe mai nauyin sama da tan ɗaya ke rufe da ita, sai dai sigina ta sulale ta tsakanin ƙasan mota da kwalta. Ruwan sama da ya kwanta a kan murfi yana ƙara shanye ta. A Amurka ƙananan na'urori irin waɗannan suna magana ne ba da lasisi ba a zangon rediyo na megahaz 902 zuwa 928, ko na gigahaz 2.4. Na farkon, mai igiya tsawon kusan santimita 33, ya fi kewaya cikas a kan na biyun mai santimita 12 da rabi. Amma a dukansu doka ta taƙaita ƙarfin watsawa, batir kuma ya fi doka taƙaitawa. Don haka tazarar na'ura da akwati ba ta yin yawa, kuma kowane akwati sai an nemo masa turke, da izinin mai turken, da wutar da zai ci.

Hanya ta biyu ta sabbin mitoci ce, waɗanda aka fara kafawa a 2010. Suna karɓar katin banki da tsaba. Kowace tana da nata modem na wayar salula, tana magana kai tsaye da hasumiyar kamfanin waya, babu akwatin tsakiya. Mitar gurbi ɗaya tana da ɗan farantin sola mai ciko batirinta, tana kan sanda a daidai ƙirjin mutum, kuma masu kwasar kuɗi da masu gyara suna buɗe ta a kai a kai. Aikinta a tsarin farko biyu ne: ta karɓi kuɗi ta aika rahoto, ta kuma karɓi sabon farashi daga ofis. Ba a ɗauke ta a matsayin ma'aunin cikar layi ba.

Gidajen ajiye motoci ba su buƙaci na'urar kwalta ba. Shingen shiga da na fita ya isa ƙirga.

A rumbun bayanai kowane gurbi yana cikin ɗayan hali uku: da mota, ba mota, ko ba a sani ba. Na ukun shi ne lokacin da na'ura ta faɗi ko ta yi shirun da ya wuce ƙima. Ana lissafa cikar layi ta hanyar raba lokacin "da mota" da jimillar "da mota" da "ba mota". Lokacin "ba a sani ba" cire shi ake yi gaba ɗaya, domin kada matacciyar na'ura ta shiga lissafi a matsayin gurbi a buɗe.

## 2010 zuwa farkon 2011: hayaniyar maganaɗisu

Matsalar farko ba daga rediyo ta fito ba. Saƙo yana isowa, amma a wasu layuka abin da yake ɗauke da shi ba gaskiya ba ne: gurbi a buɗe na'ura ta ce da mota, ko mota ɗaya ta zauna wuri ɗaya a rubuta mata zuwa da tafiya sau da yawa. Da aka bi sawu, aka tarar hayaniyar maganaɗisu ce daga wayoyin bas da na jiragen hukumar kanta, da sauran kayan lantarki da ke saman titi da ƙarƙashinsa.

Duk wayar da wuta ke bi tana haifar da maganaɗisu a kewayenta, kuma lissafinsa ba wuya: a ninka amfiya da 0.2, a raba da tazara a mita, abin da ya fito maikrotesla ne. Waya guda mai ɗauke da amfiya 300 a tsayin mita 6 tana ba da maikrotesla 10 a fuskar titi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na maganaɗisun duniya. Bas tana da wayoyi biyu dab da juna, ta zuwa da ta komawa, don haka suna soke mafi yawan tasirin juna. Jirgin cikin gari waya ɗaya gare shi a sama, wutar ta dogo take komawa, a fuskar titi, 'yan taku kaɗan daga gurbin fakin. A nan sokewar ba ta da yawa.

Nau'in wutar ya ƙara dagula lamarin. Wutar gidaje AC ce, tana kai-komo sau 60 a daƙiƙa a Amurka, kuma hayaniya mai tsayayyen bugu irin wannan tana da sauƙin tacewa. Bas da jiragen birnin kuwa DC suke ja, wato wutar da ke bin gefe ɗaya kawai, bolt 600. Maganaɗisunta ba ya kai-komo. Yana hawa idan direba ya ba da wuta, ya ɗan tsaya, ya sauka idan ya saki. Zuwan mota da tafiyarta ma haka suke bayyana a ma'auni. Kuma ba sai jirgin yana kan layin ba, tunda wutar da yake ja daga can nesa ta wannan wayar take bi.

Su ma motocin awonsu ba ɗaya ba ne. Motar da ƙasanta ya yi nisa da kwalta canji kaɗan take bayarwa, babbar mota a gurbin maƙwabta ko a kan hanya tana iya ba da fiye da haka. In aka ɗaga mizanin ganowa don a kauce wa hayaniya, sai a rasa wasu motocin gaske. In aka sauke shi, sai hayaniya ta zama mota.

Gyara iri biyu aka yi. Kamfanin ya saka wa na'urorin manhaja ta musamman mai tace hayaniya. Tacewa irin wannan ba ta da hanya sai ƙarin awo da ƙarin lissafi: maimakon na'ura ta farka ta duba ta koma barci, sai ta duba sau da yawa, ta kwatanta, ta jira ta ga ko canjin zai ɗore. Sannan a gurabe da dama an saka na'ura biyu maimakon ɗaya don a haɗa awonsu. Hayaniyar waya takan taɓa na'urorin da ke kusa da juna lokaci ɗaya da kusan ƙarfi ɗaya, mota kuwa ba ta taɓa su daidai wa daida.

Hukumar ba ta tsaya ga rahoton kamfani ba. Ta riƙa tura ma'aikata titi suna rubuta halin gurabe da lokacin shiga da fitar motoci, a gwada da abin da ya iso rumbu: halin gurbin daidai ne ko a'a, an kama shiga da fita ko an rasa, saƙon ya iso da wuri ko ya makara. Bayan gyaran, bayanan mafi yawan layuka sun isa a yi aiki da su, ko da yake ingancin ya ci gaba da bambanta daga layi zuwa layi bisa yawan hayaniyar wurin.

## Afrilu 2011 zuwa 2012: shirin yana tafiya

A watan Afrilu 2011 aka buɗe shirin ga jama'a, da manhajar waya mai nuna cikar layuka nan take, da kafar bayanai da kowane mai ƙera manhaja ke iya ɗiba. A tsakiyar wannan shekarar aka yi canjin farashi na farko, daga nan ana maimaitawa kusan kowane mako shida zuwa takwas.

An raba yini uku: daga buɗewa zuwa 12 na rana, daga 12 zuwa 3, daga 3 zuwa tashi, kuma ranakun aiki daban, ƙarshen mako daban. A kowane layi da kowane kason lokaci, idan matsakaicin cika ya haura kashi 80 cikin 100, a ƙara santi 25 a awa. Tsakanin 60 da 80, a bar shi. Tsakanin 30 da 60, a rage santi 25. Ƙasa da 30, a rage santi 50. Farashi ba ya gaza santi 25, ba ya wuce dala 6. An zaɓi 60 zuwa 80 ne domin matsakaicin awanni yana ɓoye lokacin cunkoso. Layin da matsakaicinsa ya kai 85 ya sha cika maƙil a tsakani. Sabon farashin ta iska yake isa mitoci.

Ayyukan biyu ba ingancin bayani ɗaya suke nema ba. Manhajar direba tana so kowane gurbi ya fito daidai a cikin minti ɗaya ko biyu. Lissafin farashi matsakaicin makonni yake ɗauka a kan layi gaba ɗaya, inda kuskuren wannan na'ura ke narkewa a cikin na sauran, kuma saƙon da ya makara awa ɗaya bai ɓata komai ba.

## Ƙarshen 2012 zuwa Disamba 2013: batura

An tsara baturan su yi kimanin shekara biyar. Manhajar tace hayaniya ta sa aka rage hasashen zuwa kimanin uku. Duk da haka wasu sun fara mutuwa a ƙarshen 2012 da farkon 2013, tun ba su kai wannan ba.

Lissafin misali zai nuna ƙanƙantar ratar. A ɗauki batirin lithiyam da ake iya cin mAh 6,000 daga cikinsa kafin ya gaza (mAh ɗaya shi ne cin miliamfiya ɗaya na tsawon awa ɗaya, miliamfiya ɗaya kuma maikro-amfiya 1,000 ce). Shekara biyar awa 43,800 ce. In aka raba, na'urar ba ta da damar cin fiye da maikro-amfiya 137 a matsakaici, dare da rana, har da barcinta da awonta da maganarta. Shekara uku awa 26,280 ce, wato maikro-amfiya 228. Tsakanin shekara biyar da shekara uku, maikro-amfiya 91 ne kacal. To, awo guda mai cin miliamfiya 3 na tsawon milisakan 10, in ana yin sa sau ɗaya kowace daƙiƙa, yana ƙara maikro-amfiya 30 a matsakaici. Ƙarin awo uku a daƙiƙa ya cinye shekara biyu ke nan. Rediyo, wanda aka fi zargi da shan batir, ba shi ne babban mai ci ba a wannan lissafin: in saƙo ɗaya yana cin miliamfiya 30 na milisakan 200, saƙo 100 a yini bai wuce maikro-amfiya 7 ba. Sai dai kowace motar ƙarya saƙo biyu ce, zuwa da tafiya, kuma saƙon da bai samu amsa ba sake aika shi ake yi. Na'urar da ke layi mai hayaniya kamar maigadi ce da kowane motsin ganye ke tayar da shi. Ba ta kai inda ta layin shiru ke kaiwa.

Abu biyu ke sa mutuwar batirin kwalta ta fi ta sauran tsada. Batirin lithiyam irin wanda aka saba sakawa a waɗannan na'urori yana riƙe bolt ɗinsa kusan a tsaye har daf da ƙarshe, sannan ya faɗi farat ɗaya, don haka awon bolt ba ya ba da gargaɗi mai nisa. Kuma na'urar a toshe take don ruwa kada ya shiga. Canza batir yana nufin a hana fakin a gurbin, a zo da ma'aikata, a tono na'urar, a saka wata. Tunda an girka su unguwa-unguwa a lokaci ɗaya, a tare suke tsufa.

Aikin titi ma ya ci nasa rabon. Injin da ke kankare tsohuwar kwalta kafin a shimfiɗa sabuwa ba ya barin na'ura, haka ma masu haƙar bututun ruwa da na gas. In ba a sanar da masu na'urorin kafin aiki ba, sai dai su ga layi guda ya koma "ba a sani ba".

Ranar 30 ga Disamba 2013 aka kashe na'urorin kwalta, ba a sake saka wasu ba. Bayanin cikar gefen titi na nan take ya tsaya daga wannan ranar. Na gidajen ajiye motoci da na farashi suka ci gaba.

## 2014 zuwa 2018: mitoci sun karɓi aikin

Hukumar ta rage da tambaya: ta yaya za a ci gaba da canza farashi ba ma'aunin cika? Mitoci suna nan suna aiko da kowane biya, da lokacinsa, da mintunan da aka saya. Amma biya ba cika ba ne. Dokar Kalifoniya ta ba mai katin shaidar naƙasa damar yin fakin a mita kyauta ba iyakar lokaci, kuma a wasu layuka irin waɗannan motocin suna da yawa. Akwai masu ƙin biya, da masu wuce lokacinsu. Duk waɗannan suna sa biya ya gaza cika. A ɗaya gefen akwai wanda ya sayi awa biyu ya tafi bayan awa ɗaya.

Abin da ya warware shi yana cikin rumbu. Fiye da shekara biyu na'urorin kwalta da mitoci sun yi aiki tare a gurabe ɗaya, don haka ga kowane layi da kowace awa akwai lamba biyu gefe da gefe: yawan lokacin da aka biya, da yawan lokacin da mota ta zauna. Daga nan aka fitar da ƙa'idar lissafi mai ɗaukar ta farko ta ƙiyasta ta biyu. Daga tsakiyar 2014 canjin farashi ya ci gaba a kan wannan ƙiyasin.

A watan Yuni 2014 hukumar ta fitar da sakamakon gwajin. Lokacin neman gurbi a unguwannin gwaji ya sauka daga minti 11 da daƙiƙa 36 zuwa minti 6 da daƙiƙa 36, raguwar kashi 43 cikin 100, a unguwannin kwatance kuwa kashi 13. Lokacin da layuka ke cikin ma'aunin 60 zuwa 80 ya ƙaru da kashi 31, a na kwatance kashi 6. Tsayawa a kan hanya gefen motar da ta yi fakin ya ragu da kashi 22, takardun tara da kashi 23. Matsakaicin farashin mita bai hau ba, ya sauka daga dala 2.69 zuwa 2.58 a awa. Masu bincike na jami'o'i da suka duba shirin daga waje ba su yi baki ɗaya ba: wasu sun ga raguwar zagayen direbobi mai yawa, wasu sun ga canjin farashin ya yi jinkiri da ƙanƙanta har bai buɗe gurabe sosai a layukan da suka fi cunkoso ba.

Bayan gwajin an sauya sauran mitocin birnin zuwa masu kati da modem. A Disamba 2017 majalisar hukumar ta amince a faɗaɗa tsarin farashin zuwa duk birnin, aka fara a farkon 2018, da canjin santi 25 sau ɗaya a wata uku, tsakanin santi 50 da dala 8. Babu na'urar kwalta ko ɗaya a wannan faɗaɗawar.

## 2022: wa'adin 3G

Kamfanonin wayar Amurka sun rufe 3G a 2022, AT&T a Fabrairu, Verizon a ƙarshen Disamba. A wannan shekarar hukumar ta shiga sauya dubban mitoci, kuma cikin dalilan da ta bayar akwai tsufansu da dogaronsu da 3G. Ranar da modem zai daina magana, kamfanin waya ne ya sa ta, ba birnin ba.

## Hukunci

Na'urorin kwalta ba asara ba ne, kuma kuskure ne a karanta labarin haka. In ba don su ba, da babu ƙa'idar da ta mayar da biya ya zama ƙiyasin cika, da kuma faɗaɗawar 2018 ba ta da abin tsayawa a kai. Sun yi nasara a matsayin kayan awo na ɗan lokaci. Inda suka gaza shi ne a matsayin kayan birni na dindindin, irin fitilar titi da bututun ruwa. Yawansu ma manhajar direba ce ta tilasta shi, tunda ita ke buƙatar na'ura a kowane gurbi. Don lissafin farashi kaɗai, zaɓaɓɓun layuka daga kowane nau'in titi sun wadatar.

Mitoci sun ɗore ba don rediyonsu ya fi wayo ba. Suna sama da ƙasa, suna samun rana, ba sa buƙatar turken kowa, kuma kuɗi suke kawowa, don haka mitar da ta mutu akwai wanda aikinsa ne ya gyara ta da wuri. Na'urar kwalta ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Abin da aka rasa ma na gaske ne: direba ba ya ganin gurbin gefen titi a wayarsa, kuma ƙa'idar ƙiyasi tana tsufa yayin da halin biya ke canzawa, sai an riƙa gwada ta da ƙirgar ido lokaci-lokaci.

Abin da ya fi ciwo shi ne matsalar da ta cinye baturan mai arhar ganowa ce. Binciken da aka saba yi kafin shimfiɗa sadarwa marar waya na sigina ne, ina take kaiwa, ina take mutuwa. A nan abin da ake buƙata ƙari shi ne a ajiye ma'aunin maganaɗisu mai rubuta awo a fuskar titi na kwana ɗaya ko biyu, a layin dogo, a layin bas, a layin da ba komai, tun kafin a sayi na'ura dubu. Alƙawarin shekarun batir kuma ba shi da ma'ana sai an auna cin wutar na'urar a kan titin, da manhajar da za ta zauna a cikinta, a sake aunawa duk lokacin da aka canza manhajar.

LoRaWAN, da aka fitar da ƙa'idarsa a 2015, da NB-IoT na 2016, hanyoyin rediyo ne na ƙananan na'urori masu kaiwa nesa, kuma ba su wanzu ba lokacin da aka tsara shirin. Da suna nan, da sun rage akwatunan tsakiya ko sun kawar da su, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ba za su taɓa hayaniyar DC ba, ba za su tsayar da injin kankare kwalta ba, kuma nisan da suke kaiwa da batir ake biyan sa. A tsarin LoRaWAN na Turai, ɗan saƙon da ke ɗaukar kusan milisakan 60 a saiti mafi sauri yana haura daƙiƙa ɗaya a saiti mafi nisa, NB-IoT kuma a wuri mai raunin sigina maimaita saƙo yake yi har ya isa. Na'urar da mota ke rufewa waɗannan saitunan masu tsada ake tura ta. Sabbin na'urorin fakin da yawa suna haɗa ma'aunin maganaɗisu da ɗan radar ko hasken infared, maganaɗisu ya tayar da na'ura, na biyun ya tabbatar. Wannan yana rage motar ƙarya, amma ya ƙara wani mai cin wuta da dole a shigar da shi lissafin maikro-amfiya 137 ɗin.